Kama da Wane Ba Wane Ba: Nazarin Ma'anoni da Asalan Gaɓar "Ma" a Harsunan Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki gaɓa ɗaya tak, wato ma, ta bi sawunta a cikin Hausa da Larabci da Sinanci da harshen Biyetnam da Italiyanci da Sawahili da wasu harsuna na iyalai mabambanta. Manufar ita ce a gano abin da ke sa lafazi ɗaya ya riƙa ɓullowa a harsunan da ke nesa da juna, da kuma yadda mai nazari zai rarrabe kamannin da ke nuna dangantaka da wanda ba ya nuna komai. An bi hanyar kwatance ta ilimin tarihin harsuna. Binciken ya karkasa misalan gida huɗu: gado, aro, furucin jarirai da arashi. An gano cewa ma ɗin Hausa da ya fi kama da mā ta Larabci a kunne, aikinsa bai haɗu da nata ko a wuri ɗaya ba, alhali 'yan'uwan mā na haƙiƙa a Hausa suna ɓoye ne a cikin kalmar me, sannan ɗafa-goshin ma- na manomi da mabuɗi yana da takwarorinsa a duk faɗin iyalin Afro-Asiya. Maƙalar ta kammala da cewa a gajeriyar kalma, tsari ne hujja, sauti shi kaɗai ba ya tsayar da shaida.

Fitilun kalmomi: gaɓa, asalin kalma, gado, aro, arashi, Afro-Asiya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure yana karatun nahawu, ba ya daɗewa sai ya yi karo da mā ta Larabci. Yau a ce masa ta tambaya ce, gobe a ce ta korewa ce, jibi kuma ta mamaki. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je sarin kaya Guwanju a ƙasar Sin, shi ma kunnensa ba zai rasa kama wata 'yar ma da ke liƙe a ƙarshen tambayoyin masu shaguna ba. Yarinyar firamare kuwa da ma take amsa kiran malamarta. Dukkansu ukun in sun koma gida za su ce "ni ma", "na gaya ma", "ma gani". Lafazin ɗaya ne, ko kusan ɗaya. Tambayar ita ce ko asalin ma ɗaya ne.

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a kan irin wannan kamanni ake gina da'awoyi manya. An daɗe ana cewa kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito. An shafe shekaru ana rubuta cewa boko kalmar Ingilishi ce ta littafi da aka hausantar, har sai da Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalma ce ta gida mai ma'anar algus da yaudara, irin wadda ke cikin "amaryar boko", kuma tsarin sautinta bai bi yadda Hausa ke karɓar kalmomin Ingilishi ba. Idan kalma mai gaɓa biyu ta ruɗi masana haka, to, ina ga mai gaɓa ɗaya?

2.0 Waiwaye

Littafin Ferdinand de Saussure da ɗalibansa suka fitar a 1916 ya kafa ra'ayin cewa babu wata igiya ta dole tsakanin sautin kalma da ma'anarta. Babu abin da ya sa dole a kira dabbar nan doki in ban da yarjejeniyar masu harshe. A kan wannan ra'ayi ne hanyar kwatance ta dogara: tunda sauti bai tilasta ma'ana ba, idan harsuna biyu suka yi ta dacewa a ɗaruruwan kalmomi bisa ƙa'ida ɗaya, sai an nemo dalili a tarihi.

Sai dai dacewa a kalma ɗaya tilo ba ta da wannan ƙarfi. R. M. W. Dixon ya tarar a harshen Mbabaram na arewa maso gabashin Ostireliya cewa ana kiran kare da lafazin dog, daidai da na Ingilishi, alhali kalmar ta gida ce, ta samo asali daga tsohuwar siga gudaga wadda gaɓarta ta farko da wasalinta na ƙarshe suka zube. Haka bad ta Farisanci da bad ta Ingilishi suke: lafazi ɗaya, ma'ana ɗaya, asali daban. Donald Ringe ya yi lissafin yiwuwar irin wannan dacewa a 1992, ya nuna tana da yawa fiye da yadda hankali ke ɗauka.

A ɓangaren Hausa, Richard Lepsius ya danganta ta da harsunan arewaci da arewa maso gabashin Afirka tun 1880, Marcel Cohen ya sa ta cikin kwatancensa na 1947, sannan Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya tsayar da harsunan Cadi a matsayin cikakken reshe na iyalin Afro-Asiya, kafaɗa da kafaɗa da Samitik da Barbar da Kushitik da tsohon harshen Masar. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka fitar da kwatancen sautuka da kalmomin harsunan Cadi. Ko sunan marubuciya ta biyu ma yana cikin abin da wannan maƙala za ta duba.

3.0 Hanyar Bincike

An tattara kalmomi da ƙwayoyin ma'ana masu sigar ma, da gajeren wasali ko dogo, ba tare da la'akari da karin sauti ba a matakin farko. An auna kowane misali da tambayoyi uku. Na ɗaya, mece ce tsohuwar sigarsa a cikin iyalinsa? Na biyu, aikinsa a jumla ya dace da na wanda ake kwatanta shi da shi, ko kuwa sai an ja ma'anar da ƙarfi? Na uku, shi kaɗai ya zo, ko yana cikin jerin wasu sigogi da su ma suka dace?

4.0 Dalilin Yawaitar Gaɓar

Kafin a shiga misalai, ya kamata a san cewa filin da harsuna ke zaɓen gajerun kalmomi a cikinsa ƙanƙane ne. Harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5 ba zai iya ƙera gaɓa mai tsarin baƙi da wasali fiye da 100 ba. Sinancin Mandarin gaba ɗayansa gaɓoɓi kimanin 400 yake juyawa idan aka cire karin sauti. A duniya kuwa akwai harsuna wajen 7,000, wanda ke nufin za a iya jera su bibbiyu har sau miliyan 24 da ɗoriya. A kasuwa mai cika haka, dole a sami masu riga iri ɗaya.

Bugu da ƙari, m da a ba kamar sauran sautuka suke ba. Rumbun bayanan sautukan harsuna na PHOIBLE ya nuna cewa m shi ne baƙin da ya fi yaɗuwa, ana samun sa a sama da kashi 90 cikin 100 na harsunan da aka ƙirga. Harsunan da ba su da shi, irin su Mohok na Arewacin Amurka, 'yan ƙalilan ne. Furucin ma ba ya buƙatar komai sai a rufe leɓɓa, iska ta bi ta hanci, a buɗe baki. Abin mamaki shi ne a sami harshen da bai ba wannan gaɓa wani aiki ba.

5.0 Ma a Cikin Hausa

Tun ba a fita waje ba, Hausa kanta ta isa misali. A duba wannan jumla:

(1) Mu ma mun faɗa ma manomin ma zo gobe, na gaya ma.

Rubutun yau da kullum ya nuna ma sau biyar, amma bakin Bahaushe bai furta su iri ɗaya ba. Na farko, mai dogon wasali da karin sama, yana cikin 'yan kalmomin nan shida masu gyara zance: fa, dai, kam, kuwa, kuma, ma. Na biyu, mai gajeren wasali da karin ƙasa, shi ke gabatar da wanda aka yi abu dominsa. Daidaitacciyar Hausa wa take sa wa a nan, amma kare-karen harshe da dama, musamman na yamma, ma suke cewa, kuma shi ne ke cikin masa, mata, mana. Na uku ɗafa-goshi ne a jikin manomi. Na huɗu, mai dogon wasali da karin faɗau, lamiri ne na lokaci mai zuwa na biyu, ɗan jerin na, ka, kya, ya, ta, ma, kwa, sa. Na biyar kuwa maka ne aka taƙaita.

Abin lura shi ne na huɗu daga mu ya fito, na biyar kuma daga haɗuwar na biyu da ka. Wato a cikin harshe ɗaya, a jumla ɗaya, hanyoyi daban-daban sun kai ga rubutu ɗaya. Wanda zai kwatanta "ma na Hausa" da na wani harshe, sai ya fara faɗa mana wanne daga cikin biyar ɗin yake nufi.

6.0 Gado

6.1 Ɗafa-goshin ma-

Hausa na ƙera sunaye iri uku daga aikatau ta hanyar ɗafa ma- a goshi. Akwai sunan mai aiki: noma, manomi, ɗinka, maɗinki. Akwai sunan wuri: jema, majema, rina, marina. Akwai sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, girba, magirbi. Karin sauti na taimakawa wajen rarrabe su, domin sunan mai aiki yana da karin ƙasa a tsakiya, sunan wuri da na kayan aiki kuwa karin sama ne daga farko har ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa karatun sarfu zai ji wannan bai zame masa baƙo ba. Daga kataba Larabci ya fitar da maktab, wurin rubutu. Daga fataḥa ya fitar da miftāḥ, mabuɗi. Daga ʿallama ya fitar da muʿallim, mai koyarwa. Ibrananci na kiran mabuɗi mafteaḥ. Amharanci na Habasha na kiran sa mäkfäča, daga käffätä, buɗewa. A harshen Kabil na Barbar a Aljeriya, aker sata ne, amakar kuma ɓarawo. A tsohon harshen Masar, daga aikatau mai ma'anar awo aka ƙera sunan sikeli ta hanyar ɗafa m a goshi, daidai yadda Bahaushe ya fitar da ma'auni daga auna.

Mai musu zai ce ai Hausa ta aro wannan daga Larabci ne, tunda ta aro majalisa da maƙala da malami. Abubuwa biyu sun rushe wannan zato. Na farko, ɗafa-goshin yana aiki a kan saiwoyin gida da ba su da wata alaƙa da addini ko karatu, kamar maƙera da mahauta da masussuka, kuma ana samun irinsa a wasu harsunan Cadi. Na biyu, inda Hausa ta aro saiwa daga Larabci, sau da yawa da kayan gida take yi mata gini. Larabci madrasa yake cewa daga darasa, Hausa kuwa ta ɗauki karanta ta yi makaranta. Daga salla ta yi sallata, daga nan ta yi masallaci, inda t ya koma c a gaban i kamar yadda ya yi a mahaukaci. Baƙon itace ne, amma gatarin na gida ne.

6.2 Me da mā

Mā ta tambaya a Larabci tana da 'yan'uwa a ko'ina cikin iyalin: mā a Ibrananci, mīnu a Akadiyanci, mən a Amharanci, m a tsohon harshen Masar, ma a harsunan Barbar. 'Yar'uwarta a Hausa ita ce me, wadda Sakkwatawa ke furtawa mi. Wasalin ya sha bamban, amma baƙin da aikin sun tsaya.

Abin da ya ba wannan kwatance ƙarfi shi ne bai zo shi kaɗai ba. Ka da ki na Hausa sun yi daidai da -ka da -ki na Larabci, har da rarrabe namiji da mace. Ku ya yi daidai da -kum. Ya da ta sun yi daidai da ya- da ta- na yaktubu da taktubu. Mutu ta dace da māta ta Larabci, mwt ta Masar da mmet ta Barbar. Arashi na iya haɗa kalma ɗaya, amma ba ya haɗa jeri guda a tsare.

Shi kuwa ma na "ni ma", wanda a kunne shi ne tagwayen mā ta Larabci, ya faɗi a tambaya ta biyu. Masanin nahawu Ibn Hisham, wanda ya rasu a 1360, ya bi fuskokin mā dalla-dalla a Mughnil Labib: ta tambaya, ta sharaɗi, ta sadarwa, ta korewa, ta masdari, da wadda ake ƙarawa. Babu wadda take yin aikin da ma ke yi a "ni ma", domin wannan aikin ayḍan ke yin sa a Larabci. Wanda ya fi kama shi ne bare, wanda kamanninsa suka ɗan jirkice shi ne ɗan gida.

6.3 Ma- na Sawahili

Sawahili ma yana da ɗafa-goshin ma-, amma aikinsa jam'i ne da ruwa-ruwa: jina, suna, majina, sunaye, maji, ruwa, maziwa, madara, mafuta, mai. Saboda daɗewar cuɗanyar Sawahili da Larabci, yana da sauƙi a ce maji daga māʾ ta fito. Amma ma- a nan alamar ajin suna ce da ake samu a harsunan Bantu har waɗanda ba su taɓa ganin Balarabe ba, kuma takwararta tana nan a Fulfulde a matsayin ɗafa-ƙeya: ndiyam, ruwa, kosam, nono, nebbam, mai. Wannan ma gado ne, amma na wani gidan daban, wato Neja-Kongo.

7.0 Aro

Aro na bin hanyar fatauci, addini da mulki, kuma yakan bar sawu. Misalai huɗu sun isa.

Na farko, ma ɗin da 'yar makaranta ke ce wa malamarta. Taƙaitawa ce ta madam a Ingilishi, wadda ta fito daga ma dame ta Faransanci, ita kuma daga mea domina ta Latin, wato uwargijiyata. Ashe abin da ya rage a bakin yarinyar shi ne "tawa" kawai, uwargijiyar ta faɗi a hanya.

Na biyu, fatalwa. Mabiya addinin Buddha a Indiya na kiran mai ruɗin da ya nemi karkatar da Buddha da suna Māra. Da aka fassara littattafansu zuwa Sinanci, sai aka ɗauki lafazin aka ƙera masa harafi, aka taƙaita shi zuwa gaɓa ɗaya. Daga Sin ya wuce Japan, inda yake cikin akuma, shaiɗan, ya kuma shiga Biyetnam a matsayin ma, fatalwa. Saiwar Māra a Sanskirit ita ce mṛ, mutuwa, 'yar'uwar mori ta Latin da mordan ta Farisanci. A nan akwai wani tarko: mort ta Faransanci ta yi kama da mawt ta Larabci da mutu ta Hausa. Amma t na mort ɗafi ne da aka ƙara wa saiwa mai m da r, t na mutu kuwa na cikin saiwa ne.

Na uku, sunan dangi. Ma na cikin sunayen da suka fi yawa a tsakanin Musulmin Hui na Sin, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne an ɗauko shi daga gaɓar farko ta sunan Muhammad. Shahararren jagoran jiragen ruwan nan Zheng He, wanda ayarinsa ya yi tafiye-tafiye bakwai tsakanin 1405 da 1433 har gaɓar gabashin Afirka, an haife shi a Yunan a gidan Musulmi da suna Ma He. Sai dai sunan Ma ya riga Musulunci zuwa Sin da ɗaruruwan shekaru, domin akwai janar Ma Yuwan tun zamanin daular Han, kuma da harafin doki ake rubuta duka biyun. Suna ɗaya, rubutu ɗaya, kakanni biyu.

Na huɗu, amma. Hausa ta karɓe ta daga ammā ta Larabci, kamar yadda Farisanci da Turkanci suka yi. A Italiyanci ma, kalmar da ke wannan aiki ita ce ma. Ɗan Hausa da ya ji ta a Roma zai ɗauka ammarsa ce aka gutsure. Amma ma ta Italiyanci daga magis ta Latin ta fito, mai ma'anar "fiye", kuma 'yan'uwanta su ne mais ta Faransanci da mas ta Fotugis. A Biyetnam kuma mà na iya ɗaukar wannan ma'anar. Kofuna uku, shayi ɗaya, amma kowanne da butar da aka zubo shi.

8.0 Furucin Jarirai

A 1959 George Murdock ya tattara kalmomi 1,072 na kiran uwa da uba daga al'ummomi daban-daban, ya tarar fiye da rabin na uwa suna da sauti ɗan hanci irin na ma da na. Shekara guda bayan haka Roman Jakobson ya ba da bayani: jariri na tsotso, leɓɓansa a rufe, sautin da zai iya fitarwa sai ta hanci. Idan ya fara gwaranci ya ce mama, manya ne ke ɗora wa furucin ma'ana. Shi ya sa a Hausa mama ke nufin uwa, ke kuma nufin nono, kamar yadda mamma ta Latin take.

Hujjar cewa wannan ba gado ba ne ita ce yadda ma'anar ke yawo. A harshen Jojiya mama uba ne, uwa kuwa deda. A Hindi māmā kawu ne. A Fulfulde maama kaka ne. Kuma kalmomin ba sa tsufa kamar sauran, domin kowane jariri sabunta su yake yi. Don haka mā ta Sinanci da mama ta Hausa da umm ta Larabci ba sa shiga ma'aunin dangantaka, ko da kuwa harsunan 'yan'uwa ne ta wata fuskar.

9.0 Arashi

9.1 Karin sauti

A Mandarin, mā mai karin sama uwa ce, má mai hawa shuka ce mai zare irin rama, mǎ mai sauka ya hau doki ne, mà mai faɗuwa zagi ne. Rubutun Sin ya adana wannan kamanni a fili: harafin uwa alamar mace ce haɗe da ta doki, harafin zagi bakuna biyu ne a kan doki, harafin tambaya baki ɗaya ne a gefen doki. Dokin ba ya nufin komai a cikinsu, jagoran lafazi ne kawai. A Biyetnam gaɓar ta rabu shida: ma fatalwa, má kunci, mà amma, mả kabari, mã doki, mạ irin shinkafa na dashe. A harshen Tailan kuwa zuwa da doki da kare duk maa ne, kari ne ke raba su. Bahaushe da ya san bambancin fari na launi da fari na rashin ruwa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Darasin shi ne abin da baƙo ya ji a matsayin kalma ɗaya, ga mai harshe kalmomi ne da ba su taɓa haɗa hanya ba.

A wasu wuraren ko karin ba a buƙata. Ma a harshen Hangari yau ce. A harshen Polan "yana da". A harshen Istoniya "ni". A Farisanci mā "mu". A Faransanci "tawa". A Fulfulde kuwa maa "naka" ne, kamar a puccu maa, dokinka.

9.2 Korewa da tambaya

Misali mafi ruɗarwa shi ne na korewa. Sanskirit na hani da mā, tsohon Girkanci da mē, Farisanci da ma-, kuma waɗannan uku gado ne daga kakan harsunan Indo-Turai. Harshen Tibet da na Bama na korewa da ma, wannan kuma gadon iyalin Sin da Tibet ne. Turkanci na cewa yap, yi, yapma, kada ka yi. Yarbanci na cewa má lọ, kada ka tafi. Larabci na da mā ta korewa. Iyalai biyar ke nan. Wa zai ga wannan bai ce akwai wani abu ba?

Amma da an bi tarihin kowanne sai hanyoyin su rabu. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masana harsunan Samitik shi ne mā ta korewa daga mā ta tambaya ta tsiro, kuma Hausa na nuna yadda hakan ke faruwa: wanda ya ce "me na sani?" ko "ina ruwana?" ba amsa yake jira ba, korewa yake yi. Ban da haka, a Larabci da lā ake hani, don haka ko a aiki mā ba ta yi daidai da ta Sanskirit ba. A Sinanci kuma tafiyar juyin wannan ce. Ma ɗin da ɗan kasuwarmu ke ji a ƙarshen tambaya, masana tarihin Sinanci sun mayar da shi ga tsohuwar kalmar korewa da ake sakawa a ƙarshen jumla, kamar a ce "ka zo, ko a'a?". Nan ma Hausa na da madubi, domin ba ta korewa ce ta koma tambaya a "ka gane ba?". Larabci ya tashi daga tambaya ya sauka a korewa, Sinanci ya tashi daga korewa ya sauka a tambaya. Sun haɗu a kan hanya, kowa na fuskantar inda ɗan'uwansa ya baro.

10.0 Kammalawa

Daga cikin duk misalan da aka duba, waɗanda suka amsa tambayoyin nan uku game da Hausa biyu ne: ɗafa-goshin ma- da kalmar tambaya me. Sun tsallake ne saboda kowannensu ya zo da shaidu, na farko da ayyuka uku da suka maimaitu a rassan iyalin, na biyu da jerin wakilan suna da tsofaffin kalmomi a bayansa. Kalmar amma da ma ta 'yan makaranta baƙi ne da aka san hanyar da suka biyo. Mama ta kowa ce. Sauran kuwa arashi ne da ƙarancin gaɓoɓi ya haifar.

Wannan na da amfani ga masu binciken asalin kalmomin Hausa, musamman sunayen garuruwa da na ƙabilu, inda aka fi yawan yanka kalma gunduwa-gunduwa a nemo wa kowace gunduwa dangi a Larabci ko wani harshe. Gwargwadon gajartar gunduwar, gwargwadon sauƙin samo mata mai kama da ita, gwargwadon kuma raunin hujjar. Kafin a ce kalmar Hausa 'yar wani harshe ce, a fara tambayar Bolanci da Angas da Ngizim da sauran harsunan Cadi me suke cewa, a duba tsawon wasali da karin sauti, a kuma nemi wasu kalmomin da suka bi irin wannan hanya. Idan me da ba ta yi kama da mā sosai ba ita ce 'yar'uwarta, ma da ta yi kama da ita kuma bare ce, to, Hausawa sun riga masana faɗar ƙa'idar: kama da wane ba wane ba.